Ƙasa ce alƙali

Ranar da Auta ya suma ba na gida. Ina Maraɗi, muna tsakiyar jarrabawa, sai bayan la'asar wani abokinsa ya kira ni, muryarsa na rawa, yana ta rantsuwa wai ba da gangan ba ne. Kafin in samu kabu-kabu in iso Tsibiri har yaron ya farfaɗo. Na tarar da shi zaune bakin rijiya, an jiƙa masa kai, yana dariyar ƙarfin hali, Inna kuwa na gefe ta zabga tagumi.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Su shida ne. Akwai wani kango a bayan unguwarmu, mai shi ya kai ginin linta ya tafi Libiya, har yau shiru. Suka share ɗaki guda, suka zuba yashin gulbi, nan suke kwaikwayon abin da suke gani a waya. Ɗaya ya zagaye wuyan Auta da hannu ta baya ya matse. Shi Auta ya ƙi sallamawa don kada a ce ya ji tsoro, wanda ya riƙe shi kuma bai san lokacin da ake saki ba. Sai da suka ga hannuwansa sun zube.

Shekarunsa 17. Ɗan kokowa ne tun yana lakwal, in kaka ta yi babu ƙauyen da ba ya bi tsakanin nan da Jiratawa, kuma ba don ƙanena ba ne, yaron yana da ƙugu. Amma shekara biyu ke nan hankalinsa ya koma kan MMA, wanda mu a fada muke ce wa faɗan keji: naushi, shuri, kaye, murɗe hannu, shaƙe wuya, duk a wasa ɗaya. Duk dalar da ta shigo hannunsa mega yake saye da ita. Ya haddace tarihin Francis Ngannou fiye da yadda ya haddace darasinsa: yadda ya tashi yana haƙar yashi a Kamaru, ya ratso Najeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko, ya haye teku, ya kwana a titunan Paris, sannan a 2021 ya zama zakaran masu nauyi na UFC. Auta ma yana lodin yashi a gulbi lokacin hutu. Kun ga inda lissafinsa ya dosa.

Kafin wannan rana, zancen MMA a wurina zancen shayi ne. Mun sha kwana musu a fada kan ko ya dace a saka shi cikin manyan gasannin ƙasa da ƙasa. Abin da ya tayar da musun shi ne Wasannin Afirka da aka yi a Akra cikin watan Maris na 2024, inda aka shigo da MMA a matsayin wasan nuni, wato a gani a ƙyasa, ba ya cikin lissafin lambobi. (A jeri guda aka sa shi da wasan haɗa kalmomi na Scrabble. Na so in ga ɗakin da ƴan wasan biyu suke jiran kira.) Daga baya aka sanar cewa ya shiga jerin Wasannin Asiya na 2026 a Nagoya ta Japan. Saura Olimpik, wadda har yanzu ƙofarta ke rufe gare shi. A lokacin ina cikin masu cewa a bar ta a rufe. Hujjata ba ta wuce ta kowa ba: jini, fuska a kumbure, mutane biyu cikin keji kamar zakaru. Na faɗe ta da ƙarfi, aka ba ni kofin farko, na ji ni wani ne.

Daren da abin ya faru Inna ta aika a kira Kawu.

Dangin Innarmu mahauta ne, kuma Kawu ya yi dambe a ƙuruciyarsa, dambe na gaske, irin na ɗaura zare a hannu a bi kalangu gari-gari, har ƙasar Katsina da Zamfara ya taka. Yau idonsa na hagu ya yi fari, kunne ɗaya sai an ɗaga murya, in yana yankan nama hannun na ɗan kaɗawa. Shi ya ce tsufa ne, Inna ta ce naushi ne. Ya zo ya zauna kan tabarma, ya saurari labarin bai ce uffan ba, sannan ya ce a nuna masa abin da yaran ke kallo. Auta ya ɗauko waya jiki a sanyaye.

Na zaci tun daga naushin farko zai yi tsaki. Ina! Kawu ya gyara zama, ya matso da wayar kusa da idonsa mai gani. Da ɗaya ya kai shuri sai ya ce, "Wanga ya iya ƙahwa." Da aka sunkuya aka ɗauke mutum aka maka da ƙasa har ya yi kabbara. Daga nan wanda ya yi kayen ya haye ƙirjin wancan ya shiga zuba masa naushi a fuska. Kawu ya ɗaga hannu.

"Kai, tsaya. Maido mini wurin nan. Wanga ba ya hwaɗi ba?"

"Ya faɗi, Kawu."

"To mi ya ka nema gare shi kuma?"

Auta ya fara bayani, wai a wannan wasa faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, akwai masu gwanintar da sai a ƙasa ma suke cin wasa. Kawu ya miƙa masa wayarsa. "Mu da munka yi dambe, in ka kashe mutum hannu ka ka ba shi ka tashe shi. Ƙasa ita ce alƙali. In ta amshi mutum, kai wa a kai da za ka ƙara mishi?"

Wannan magana ta bi ni har Maraɗi, ta hana ni karatun jarrabawar da ta rage. Don na lura tsohon bai ce komai ba game da jini, abin da ni na kafa hujjata a kai. Jini ba baƙonsa ba ne. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne, kuma da na duba sai na ga gaskiya ne duk wasannin ƙarfi na ƙasar Hausa a kan wannan ƙa'ida suke. A kokowa, da bayan mutum ko ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su canza kiɗa. A dambe ana turmi uku, amma da zarar an kai mutum ƙasa an yi kisa, babu ƙari. Har a faɗan yara na bakin lakwal, wanda ya doki na kwance shi ake yi wa ature. MMA kuwa nan ne ma rabin wasan yake farawa.

Sai na koma na tuhumi hujjata ta jini, na ga ba ta tsayuwa da ƙafarta. Ƴan'uwa, lambobin Olimpik nawa Nijar take da su? Biyu. Ta farko tagulla ce, Isaka Dabore ya samo ta a Munik a 1972, da me? Da damben boksin, naushi a fuska. Ta biyu azurfa ce, Abdul Razak Isufu Alfaga a Rio a 2016, da taikwando, wasan da shuri a kai ya fi ba da maki. Daren nan wa ya yi barci a cikinmu? Ban ji wanda ya ce kai, wannan ta'asa ce, a mayar musu da lambarsu ba. Kokowar Turawa tana cikin Olimpik, judo yana ciki, kuma a judo ana murɗe gwiwar hannu, ana shaƙe wuya har mutum ya buga tabarma ya sallama. Wato riƙon da ya sumar da Auta ya daɗe a cikin Olimpik, da alƙali da likita a gefe. In ka warware MMA zare-zare, kusan kowane zare ya riga ya shiga gidan. Masu son tarihi ma za su ce maka Girkawan da suka ƙago gasar suna da irinsa, pankaratiyon, tun shekara ta 648 kafin haihuwar Annabi Isa. Abu guda ne kawai sabo, kuma shi ne wanda Kawu ya ɗora yatsa a kai cikin minti biyu: dukan wanda ke kwance.

Ba Kawu kaɗai ya tsaya a nan ba. Faransa ta daɗe tana hana gasar MMA, kuma dokar da ta fitar a 2016 dukan mutum a ƙasa ne ta ambata cikin abin da ta haramta. Sai a watan Janairun 2020 ta halatta wasan, ta danƙa kula da shi ga hukumar damben boksin ta ƙasar. Kafin nan ƴan wasanta horo suke a gida su tafi waje su yi faɗa. Ngannou kansa a Paris ya koyi sana'ar lokacin da gasar ke haramce. Hanin bai rage masu yi ba, ya dai rage masu sa ido.

Akwai amsar da masu son MMA ke bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a boksin in an kai mutum ƙasa, ƙirga masa ake yi, in ya miƙe kafin goma a sake tura shi a ci gaba da dukan kan da ya riga ya girgiza. A nasu kuwa da alƙali ya ga mutum ya daina kare kansa sai ya faɗa tsakani, an gama. Kuma abin da ke lalata ƙwaƙwalwa ba tsagar gira ba ce mai cika fuska da jini, dukan da ake ta maimaitawa ne shekara da shekaru, irin wanda ba ya barin tabo a waje. Na yarda da rabin wannan. Rabin da ban yarda da shi ba na gan shi da idona a bidiyon da Auta ke tarawa: tsakanin sumar mutum da isowar alƙali, naushi biyu ko uku kan sauka a kan wanda bai ma san inda yake ba. Waɗannan ukun su ne Kawu ke tambaya a kansu, kuma ban ji wanda ya ba shi amsa ba.

Malaminmu na makarantar dare yana da tasa. Ya ce kokowa ba laifi, Manzon Allah ma ya yi da Rukana, amma an yi hani da dukan fuska. Abokaina suka kawo masa Khabib Nurmagomedov, Musulmin Dagestan da ya yi wasa 29 ba a taɓa cin sa ba. Malam ya ce shi bai san ana kafa hujja da ɗan wasa ba. Na bar su a nan, don in aka bi wannan hanya da boksin da damben Kawu duk sai sun fita, kuma ba ita ce tambayar da ke gabana ba.

Tambayar da ke gabana ita ce kangon nan. Ko Olimpik ta buɗe ƙofa ko ta rufe, yara shida suna can bayan unguwa suna shaƙe juna. Ba su jira kwamitin kowa ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu cewa wannan riƙo jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa yake toshewa, cewa cikin ƴan sakanni mutum ke tafiya, cewa buga hannu a sallama ba ragwanci ba ne, shi ne darasi na farko. Sun rasa mai auna nauyi, shi ya sa yaro mai kilo 55 ke kamawa da wanda ya ba shi kilo ashirin. A waya ana nuna maka ƙarshen faɗa, ba a nuna maka shekarun da aka yi ana koyon yadda ake faɗuwa.

To a ƙasa irin tamu, wa ke kawo mai horarwa da sikeli da likita? Mu faɗi gaskiya, lamba ce ke kawo su. Wasan da ke da lambar da za a rataya wa tuta shi ke samun hukuma, shi ke samun ɗan kasafi daga ma'aikatar wasanni, shi ake tura mutum waje ya koyo alƙalancinsa. Bayan Rio na ga yara da fararen kaya suna shuri a layi a Maraɗi, ƴan mata ma a ciki, da malami tsaye a kansu. Wasan da ba ya cikin kowace gasa kuwa, marayan wasa ne, kango ne gidansa.

Kuma mun ga wannan da kokowarmu. Wasan kaka ne na dandalin ƙauye kafin gwamnatin Seyni Kunce ta mayar da ita gasar ƙasa. A Tawa aka fara a 1975, Kantu namu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Daga nan aka samu alƙalai masu usur, aka sa lokaci, aka sa gargaɗi ga mai gudun kamu, kowace jiha ta kawo mutum goma. Tsofaffi sun yi gunaguni, har yau suna yi. Da ta ƙetare iyaka kuwa, zuwa gasar ƙasashen CEDEAO da Wasannin Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓa a 2005, sai aka ƙara aske ta: aka raba ƴan kokowa aji-aji bisa nauyi. A gasar takobi babu wannan, ƙaramin mutum na iya ɗaga ƙato ya juye, fili ya ɗauki ihu, wannan ma shi ne daɗin abin. A waje an rasa shi. An rasa tsawon kirari, an rasa yawancin abin da cali-cali ke yi, layu ma sai an rage. Duk wasan da ya shiga babbar gasa sai ya bar wani abu nasa a bakin ƙofa. Amma duba abin da aka samu: Isaka Isaka na Doso, mai takobi shida, sunansa ya wuce na ministoci, kuma yaron da ke da ƙugu a Tsibiri ya san matakalar da zai taka, daga unguwa zuwa gunduma zuwa jiha. Ba sai ya ratsa Sahara ba.

Wannan askin da ya rage wa kokowa armashi, shi nake nema wa MMA. Don abin da zai shiga gasar ƙasashe ba UFC ba ce. UFC kamfani ne na Amurka, tun 1993 yake sayar da kallo, kuma jini na cikin hajarsa. Ngannou da Auta ke mafarkin zama, da kambunsa a hannu ya bar kamfanin a farkon 2023, cikin abin da ya nema aka hana har da inshorar lafiya ga ƴan wasa. Wanda ke shiga gasar ƙasashe na ƴan koyo ne: turmi uku na minti uku-uku, safar hannu mai kauri, kariya a ƙwauri, babu dukan gwiwar hannu, babu gwiwar ƙafa a kai. A dokokin hukumar IMMAF ma, wanda bai kai 18 ba ba a dukan kansa sam. Da a ƙarƙashin wannan doka Auta yake wasa, da yau babu mai taɓa masa fuska.

Ina da fargaba, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka ga tutar Nijar a kan ɗan MMA, kango ɗaya zai zama goma kafin mai horarwa ɗaya ya iso Maraɗi, balle Tsibiri. Komai namu a Yamai yake tsayawa. Kuma ƴaƴan talakawa ne ke ba da kawunansu a irin wannan wasa, ko'ina a duniya. Sannan masu riƙe da ƙofar Olimpik ba tausayin kowa ke gabansu ba. A 2013 saura ƙiris su fitar da kokowar Turawa, wadda ta girmi kakanninsu a gasar. Karate ya shiga a Tokyo, zuwa Paris a 2024 an sallame shi. Lissafin ƴan kallo da tele suke yi, da kuma wace hukuma za su yi magana da ita, ga shi MMA na ƴan koyo hukumomi ne ke ja-in-ja a kansa, IMMAF na nan, GAMMA na can. In ya shiga, kuɗi ne suka shigar da shi. Wani abokina ya ce to me ya sa ba za mu yi ta kokowarmu da dambenmu ba, da ke tsaye a waje tun fil azal? Yana da gaskiya, ni ma abin na ci mini rai. Sai dai hana wancan shiga ba zai shigar da namu ba. Ƴan kokowar Senegal ma sun gane hanya, Reug Reug ya tashi daga yashi ya koma keji har ya ɗauki kambun masu nauyi na ONE a 2024. Ba zan yi mamaki ba in wani daga cikin masu neman takobi ya bi sahunsa.

Saboda haka na sauya sheƙa, kuma na faɗa a fada, aka yi mini dariya wai tsoro ne ya juya ni. Eh, tsoro ne. A saka shi a Wasannin Afirka da lambobinsa, a saka shi duk inda za a tilasta masa sikeli da likita da alƙali. Ba don ina son wasan ba, har yanzu in an haye ƙirjin mutum kau da kai nake. Kuma da za a tambaye ni, wanda ba za a yi ba, sharaɗi ɗaya zan ƙara, na Kawu: in mutum ya kai ƙasa, a murɗe, a danne, a nemi sallamawarsa, amma hannu ya bar fuskarsa. Abokaina sun ce in an cire wannan ai ba MMA ba ne kuma. Haka aka ce da kokowa ranar da aka kawo sikeli.

A gida kuwa ba a jira ni na gama tunani ba. Inna ta ƙwace wayar, ta yi kwana tara a ƙarƙashin katifarta, Auta ya koma kallo a ta abokinsa. Na samu wani mai koyar da judo a Maraɗi, na kai shi sau biyu, kuɗin mota ya gagare mu. Amma a zuwa biyun nan mutumin bai koya masa komai ba sai faɗuwa da sallamawa, kuma ya sa shi ya rantse zai koya wa sauran biyar.

Kawu ne ya yi abin da ban zata ba. Yanzu in ya tashi daga kasuwa, sai ya ɗauki ɗan bencinsa ya nufi kangon. Ba ya koyar da su komai, ya ce bai san wannan wasa ba. Zama kawai yake a bakin ƙofa da takalminsa ɗaya a hannu. Ya raba su biyu, manya da ƙanana, da ido. Da mutum ya kai ƙasa wani ya ɗaga dunƙule, sai takalmi ya sauka a bayansa. Makon jiya na je na tarar ana gardama, Auta na cewa, "Kawu, wallahi a ƙasa wasan yake, kana ɓata muna horo." Kawu ya juya masa kunnen da ba ya ji, ya ce a miƙo masa takalminsa.